Ra'ayinmu: Magidanta da Kwalbar Mai Lasifika

Duk wanda ya saba bi ta bakin tasha ko ƙofar kasuwa da la'asar sakaliya, musamman a ƙarshen wata lokacin da albashi ya shiga aljihu, ya san motar nan da ake ɗaura wa lasifika a ka, a jera kwalabe da ƙulle-ƙullen garin magani a bayanta. Ya kuma san irin kalaman da ke fita daga bakin mai ita, kalaman da in kana tafe da mahaifinka ko surukinka sai ka rasa inda za ka sa kanka don kunya. An sha yin kuka da wannan batsa a masallatai da gidajen rediyo, kuma masu kukan suna da gaskiya. To, amma mu abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne masu saye, domin kuwa ɗan kasuwa ba ya ƙona mai ya zagaya gari kullum don neman lada. In ka koma gefe ka zuba ido, za ka ga ba 'yan dako da baƙin ƙauye kaɗai ke miƙa hannu ba. Akwai mai babbar riga, akwai malamin makaranta, akwai kuma akawun da ya fake a nesa ya aiko yaro don kada a gan shi. Da yawansu magidanta ne masu mutunci, waɗanda ake gaisarwa da girmamawa a unguwa, kuma abin da suka zo nema shi ne wanda ake kira maganin ƙarfin maza.

Mun san za a ce me ya kai tuzurai, waɗanda ko kuɗin gaisuwar iyaye ba su tara ba, tsoma baki cikin sha'anin ma'aurata? Amsarmu ita ce, a cikinmu akwai masu iyali, musamman 'yan'uwanmu da ma'aikatunsu suka turo ƙaro ilmi, sauranmu kuwa gobe ko jibi za mu shiga sahu. Ban da haka, mu 'ya'yan gidajen nan ne. In maigida ya faɗi, karatun wani daga cikinmu ne ke tsayawa.

Abin da muka lura da shi game da magidancin ƙasarmu shi ne, yana iya yarda ya yi ciwo a ko'ina a jikinsa, ban da wuri ɗaya. Zai zauna a majalisa ya ba da labarin ciwon bayansa da na haƙorinsa har a gaji da ji. Amma ranar da ya ga ƙarfinsa na shimfiɗa ya ja baya, sai ya ɗauki abin a matsayin zubewar daraja, ya rufe bakinsa gam, ya shiga neman mafita a ɓoye. Majalisar ita ma ba ta taimaka masa, don kuwa wuri ne na cika baki, inda kowa zaki ne, har da wanda ya san a ransa ba haka abin yake ba. Da wannan ma'aunin ƙarya mutum zai auna kansa ya ga ya gaza. A daidai nan mai lasifika ke shigowa, kuma dole mu yaba masa wayonsa: ya san abin da mutum ya fi bukata shi ne sunan da zai laƙaba wa matsalarsa ba tare da ya ji kunya ba. Sai ya ce masa basir ne, ko sanyi ne, ko kuwa zaƙi ya yi maka yawa a ciki. Basir dai cuta ce ta gaskiya, kumburin jijiyoyin jini ne a dubura, kuma an daɗe da saninta a ƙasar nan, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya keɓe mata rubutu cikin abubuwan da ya wallafa kan magani. Amma a bakin mai talla basir ya zama wani babban buhu da ake zuba kowace irin damuwa ta namiji a ciki, a ɗaure bakinsa, a karɓi kuɗi.

Sai kuma maganar nan da kowa ya haddace: ai na gargajiya ne, itace ne kawai, in bai yi magani ba, ba zai yi illa ba. Muna so mai karatu ya fahimce mu da kyau a nan, don ba mu cikin 'yan bokon da ke toshe hanci in an ambaci saiwa da sassaƙe. Kwinin da ya daɗe yana ceton mutane daga zazzaɓin cizon sauro daga ɓawon itace aka samo shi. Maganin zazzaɓin da ake sha a yau ma tushensa wani ganye ne dangin tazargade, kuma a kansa ne Tu Youyou, 'yar ƙasar Sin, ta sami kyautar Nobel a 2015. A nan gida, cibiyar binciken magunguna ta tarayya da ke Abuja ta taɓa haɗa wa masu ciwon sikila magani mai suna Niprisan, wanda cikin kayan haɗinsa akwai masoro da kanumfari da karan dafi, abubuwan da ke cikin kwandon kowace tsohuwa. Ashe ke nan itace yana aiki. To, duk abin da ke da ƙarfin yin aiki a jiki yana da ƙarfin yin ɓarna, kuma abin da ya raba magani da dafi sau da yawa awo ne kurum. Mai maganin da kakanninmu suka sani ɗan gari ne, an san gidansu, an san wanda ya gada, in ya cuce ka gobe za ku haɗu a masallaci. Wanda ya cika kwalbar da ke bayan motar nan fa, wa ya san shi? Da wane mudu ya auna?

Bari mu ɗauki biyu daga cikin itatuwan da aka fi yi wa kirari. Garin nan da wasu masu tsire da balangu ke haɗawa cikin yaji don maza, wanda sunansa kaɗai ya isa ya sa mai kunya sunkuyar da kai, ana samo shi ne daga ɓawon itacen yohimbe, wanda ke fitowa a dazuzzukan Kamaru da kudancin Nijeriya da Gabon. Masana sun daɗe da sanin sinadarin da ke cikinsa, sun kuma san yana ɗaga hawan jini, yana sa bugun zuciya ya yi sauri, yana kawo fargaba da rawar jiki. Ka ga ke nan mai hawan jini da ya zauna gaban mai nama ya ce a barbaɗa masa da yawa, da hannunsa yake hura wutar da ke cinsa. Na biyu shi ne baƙin gagai. Masu bincike a Jami'ar Ilorin sun gwada shi a kan ɓeraye, suka buga sakamako a 2005 cewa lalle yana motsa sha'awar ɓeran. Amma da suka ci gaba da bincike a shekarun da suka biyo baya, sai suka ga alamun lahani a maraina da hanta da ƙodar dabbobin. Masu talla sun riƙe rabin farko na labarin, rabin na biyu kuwa ba ya shiga lasifika.

Wannan ma mai sauƙi ne in an gwada shi da abin da ya fi tayar mana da hankali, watau cewa kwalbar da ake kira ta gargajiya wani lokaci ba ta gargajiyar ba ce sam. A 1998 ne hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da ƙwayar Viagra, wadda sinadarinta ake kira sildenafil. Asalinsa ma maganin ciwon ƙirji na masu ciwon zuciya ake nema, aka yi kiciɓis da wannan amfani nasa. Magani ne na gaskiya, yana aiki ta hanyar sassauta jijiyoyin jini, likita kuma yakan rubuta shi da awo, miligiram 25 ko 50 ko 100, ba fiye da sau ɗaya a yini ba, bayan ya tambayi mutum abin da yake sha. Tun daga lokacin, marasa tsoron Allah a ƙasashe da dama suka gano cewa in suka niƙa wannan ƙwaya ko 'yar'uwarta tadalafil suka zuba cikin tsimi ko zuma ko shayi, mai saye zai ga aiki nan take, ya dawo gobe da abokinsa. A 2022 hukumar nan ta Amurka ta gargaɗi wasu kamfanoni da ke sayar da zuma wadda aka samu waɗannan sinadarai a ɓoye cikinta. A ƙasar Singafo kuwa, cikin watanni 5 na farkon 2008, mutum 150 waɗanda ba su da ciwon suga aka kwantar a asibiti saboda sugan jininsu ya faɗi warwas, bayan sun sha magungunan ƙarfin maza na bayan fage da aka cakuɗa da maganin ciwon suga. Huɗu daga cikinsu suka mutu. In haka ta faru a ƙasar da ake tsaron kan iyaka kamar ƙofar taska, ina ga kasuwanninmu da kaya ke shigowa ta kowace kafa?

Haɗarin a fili yake. Akwai ƙwayar da ake ba masu ciwon zuciya, wadda wasu ke sawa a ƙarƙashin harshe in ƙirji ya riƙe, dangin da ake kira naitiret. Duk likita ya san ba a haɗa ta da sildenafil, domin su biyun in suka gamu jini na iya faɗuwa ƙasa ƙwarai har mutum ya sume, ko ma ya wuce. Likita zai tambaya kafin ya rubuta. Mai lasifika ba zai tambaya ba, wataƙila ma shi kansa bai san abin da ke cikin kwalbar da aka sayar masa da sari ba. Abin dariya, in da abin na dariya ne, shi ne mutumin da ya rantse ba zai sha maganin Bature ba don yana tsoron illarsa, ga shi nan yana kwankwaɗar maganin Baturen ba awo, da sunan sassaƙe.

Wani zai ce ai tasa kwalbar tana da lambar NAFDAC. Madalla, in lambar ta gaskiya ce. Amma ya kamata a san cewa lambar da hukumar ke ba yawancin magungunan gargajiya, wadda ke ƙarewa da harafin L, shaida ce ta cewa an gwada samfurin da aka kai ba a ga yana cutarwa ba. Ba ta nufin an tabbatar yana warkar da cututtuka goma sha biyun da aka jera a jikin takarda.

Akwai kuma wani bala'i da 'yan'uwanmu masu koyon aikin likita suka sani, wanda kunya ke hana a kawo shi asibiti da wuri, watau gaban namiji ya miƙe ya ƙi kwanciya, da zafi mai tsanani. In ya wuce awa 4 a haka, jinin da ya taru ya fara lalata naman wurin, kuma wanda ya tsaya jiran gari ya waye ko ya tsaya shafe-shafe yana iya rasa ƙarfin nasa har abada. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Masu ciwon sikila sun fi kowa shiga wannan haɗari ko da ba su sha kome ba, ga shi kuwa ba ƙasar da ta kai Nijeriya yawan masu wannan ciwo. Ba za mu tsaya dogon bayani kan tiramol ba, wanda wasu ke haɗiya don jinkirta biyan bukata. Ƙwaya ce dangin masu sa maye da kama jiki, tana kawo farfaɗiya, in an daɗe ana sha kuma ita kanta tana kashe sha'awar da aka sha ta dominta.

Yanzu mu zo ga abin da ya sa muka ɗauki alƙalami. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Miƙewar gaban namiji aikin jini ne da jijiyoyi. Hanyoyin jinin da ke kai wa wurin ƙanana ne, faɗinsu milimita 1 zuwa 2, alhali na zuciya sun kai 3 zuwa 4. Saboda haka in kitse ya fara toshe hanyoyin jini a jiki, ko hawan jini da ciwon suga da hayaƙin taba suka fara cinye su, ƙaramar hanya ce ke fara nuna alama kafin babba. Likitocin zuciya sun lura cewa raunin shimfiɗa yakan riga ciwon zuciya bayyana da kamar shekara 2 zuwa 5. Watau abin nan da magidanci ke ɓoyewa kamar abin sata, ɗan aike ne jikinsa ya turo masa, yana cewa je ka a auna jininka, a duba suganka, tun da sauran lokaci. Hawan jini ba ya sallama, mutum na iya yawo da shi shekaru bai sani ba sai ranar da ɓarin jiki ya shanye. Ga wanda Allah ya yi wa gata da gargaɗi tun da wuri, sai ya sayi kwalba ya toshe bakin ɗan aiken. Kwalbar ta yi aiki wata shida, ya ce ya warke, cutar kuwa tana nan tana cin gindinsa kamar gara.

Har ila yau akwai wanda ya san yana da hawan jini, yana shan magani, sai ya ga ƙarfinsa ya ragu. Gaskiya ne wasu magungunan hawan jini suna haddasa haka. Abin da ya kamata shi ne ya koma ya faɗa wa likita a sauya masa wani, don suna da yawa. Amma ina! Sai ya jefar da ƙwayoyin a ɓoye, ya kama tsimi.

Ba kuma kowane rauni ne cuta ba. Wani bincike da aka yi a kewayen birnin Boston na Amurka, aka buga a 1994, ya nuna kashi 52 cikin 100 na maza 'yan shekara 40 zuwa 70 suna da wani abu na wannan matsala, kaɗan ko mai yawa. Ɗan shekara hamsin da ke son ya zama kamar ɗan ashirin da biyar yana faɗa ne da halitta. Ma'aikacin da ya wuni yana lissafin kuɗin haya da na makarantar yara da bashin mai shago, ya dawo gida a gajiye, ba saiwar da za ta cire masa wannan lissafi daga ka.

A duk wannan sha'ani akwai wadda ba a tambaya, ita ce uwargida. Don ita ake cewa ana yi, amma da wuya a sami wanda ya zauna da ita ya ji ko abin da take nema ke nan. Wataƙila da an tambaye ta, ta ce hira take so, da sakin fuska, da a daina shigo mata kamar an zo biyan bashi. Tun da ba a magana, ita ma sai ta shiga tata kasuwar, ta kayan mata: goron Tula, da tsimi, da gumba, da abubuwan matsi waɗanda wasunsu ke jawo mata ƙaiƙayi da ciwo. In gidan kishiyoyi ne kuwa abin ya zama gasa, kowa na zuba kuɗin cefane. Miji na shan nasa a ɓoye, mata na shan nata a ɓoye, suna kwana ɗaki ɗaya kowa na tsoron kada ɗan'uwansa ya gane.

Abin ya fi muni in an zo maganar haihuwa. Magidanci ya ɗauka muddin yana iya kusantar iyalinsa, to, shi lafiyarsa ƙalau, laifin na mace ne. Alhali kuwa ƙarfin shimfiɗa daban, ingancin maniyyi daban, kuma masana sun nuna cewa a kusan rabin ma'auratan da suka rasa haihuwa akwai hannun namiji a matsalar. Gwajin namiji ya fi na mace sauƙi da araha nesa ba kusa ba. Duk da haka mace ce za a yi ta yawo da ita daga asibiti zuwa gidan mai magani, a yi mata gori, a yi mata kishiya, kishiyar ma ta zo ta zauna shiru, sannan a ce sammu ne. Haka kuma wanda ya kwaso ciwon sanyi a waje, ya je kemis ya sayi kafso huɗu ya haɗiye, bai gaya wa matansa ba balle a yi musu magani tare. Ciwon ya yi ta zagaye a gidan, ya toshe wa mace hanyar ƙwai, gobe a ce ita ce juya.

In an ce kunya ce ta hana magana, sai mu ce wace irin kunya ce wannan? Malamanmu na zaure ba su ji kunyar karantar da wannan babi ba. Duk wanda ya yi karatun Risala ya san cewa mijin da ya kasa kusantar matarsa tun daga ɗaurin aure ana ba shi wa'adin shekara guda ya nemi magani, in abin ya faskara matar tana da zaɓin rabuwa. Shari'a ta ɗauki abin a matsayin lalura da haƙƙi, wanda ake kai wa gaban alƙali a yi maganarsa da rana tsaka. Mu ne muka mai da shi abin raɗa. Kuma abin mamaki, mutumin da ke iya tsayawa cikin taron tasha yana sauraren batsa, yana dariya, shi ne ke jin nauyin faɗa wa likita kalma uku a ɗaki rufe.

Sai dai adalci ya sa mu faɗi cewa asibitocinmu ma suna da nasu kason. Mutum ya bi layi tun asuba, ya shiga ɗakin da likitoci biyu ke duba marasa lafiya a teburi ɗaya, ƙofa a buɗe, ana leƙowa, an ba shi minti biyar. Wa zai buɗe cikinsa a nan? Mai lasifika kuwa zai ja shi bayan mota, ya kira shi Alhaji, ya saurare shi, ya ce masa kada ka damu, ba kai kaɗai ba ne. Wannan kalma ta ƙarshe gaskiya ce, kuma daga bakin likita ya kamata a ji ta. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, wadda ta haɗa da gwajin ƙanjamau da ciwon hanta da rukunin jinin sikila. Mun yaba. Amma gwajin ranar ɗaurin aure ba ya gaya wa mutum halin da jininsa ke ciki bayan shekara goma sha biyar.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwanmu ɗaliban likitanci da na haɗa magunguna da su fita daga harabar jami'a, su kai abin awon jini da na suga sakatariyoyi da tashoshin mota, ko da sau ɗaya ne a zangon karatu, su kuma tanadi wuri mai sirri inda namiji zai yi tambaya ba a ji ba. Muna roƙon malamanmu masu ɗakunan gwaji su sayo kwalaben nan daga kasuwannin garin nan su bincika abin da ke ciki, su buga sakamakon da Hausa, ba a mujallun ƙasashen waje kaɗai ba inda mai sha ba zai taɓa gani ba. Gidajen rediyon da ke karɓar kuɗin tallar awa guda daga mai maganin da ke warkar da kome, su ma su tambayi kansu ko za su ba mahaifinsu abin da suke tallatawa.

Kai kuma yallaɓai da ke karanta wannan a ofis, wanda tasa kwalbar ke cikin aljihun tebur ko ƙarƙashin kujerar mota, ba mu ce ka ba kowa labari ba. Ɗauke ta yadda take, da takardar jikinta, ka tafi da ita ranar da za ka ga likita, ka haɗa da duk ƙwayoyin da kake sha, ka ce a auna maka jini da suga. Masu sana'ar maganin gargajiya na gaskiya kuwa, waɗanda muka san akwai su kuma wannan ɓarna tana ɓata musu suna, filin wasiƙu na wannan mujalla a buɗe yake gare su a fitowa ta gaba.